Gonar Makau Mai Bene

Duk wanda ya ce muku Makau ya san zinari, ku turo mini shi in ba shi labari. Ni Jatau, gonata iyaka ɗaya take da ta uwarsa a Tungar Ƙirya, can tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma a kan idona aka yi komai. Sati uku cak ya yi a ramukan haƙar zinari na Sunke, aikinsa jan guga da hura wa masu haƙa wutar shayi. Da ya dawo sai ga shi da wasu ƙattin takalma na gwanjo da ya saya a kasuwar Gummi, irin na ma'aikatan kamfani, in ya taka dutse sai ka ji ƙwal. Ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya. Ba ya cire takalman nan sai in zai yi alwala.

Da can, in ka tsaya bakin garinmu da damina, gero ne da dawa har inda idonka ya tsaya. Tun da zinari ya fito, gona bayan gona ta koma rami. Waɗanda suka rasa wurin shuka suka afka wa daji da gatari, wasu suka nome burtali har shanu sai su bi a jere ɗaya bayan ɗaya. A gefen yamma gonaki biyu suka rage da mutuncinsu, tawa da ta Inna Sahura, uwar Makau, wadda ta gada wurin ubanta. Abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Ran nan bayan la'asar muna zaune gindin tsamiya, Makau ya miƙe ƙafafu don kowa ya ga takalma, ya ce, "Ku duka asara kuka yi. Masu noma sun bar zinari ƙasa, masu haƙa sun kashe gona. Ni kau bene za ni yi."

Na ce, "Bene? Cikin gona?"

"Gona mai bene. Sama gero, ƙasa zinari. Ba ka zuwa Gusau, Jatau, shi yas sa. Can gida guda, wani na kwana sama wani na kwana ƙasa. Wa yad danne wani?"

"Makau, taura biyu ba ta taunuwa."

"Ga mai ƙaramin baki ke nan. Dubi nawa."

Muka duba. Wallahi babba ne.

Kashegari Inna Sahura ta aika a kira ni in zama shaida. Ba ta faɗin sunan Makau don ɗan fari ne, saboda haka tun yana yaro take ce masa "kai wanga". Na same ta a kan tabarma tana tsinkar rama, Dije matar Makau tana gefe tana tankaɗe.

Inna ta ce, "Kai wanga, gonag ga ita ka ciyad da gidan ga tun ban san hannuna na dama ba. Na ji mi kac ce gindin tsamiya. Ba ni hana ka, don ba ka hanuwa. Amma ga Jatau shi ji. In kaka ta yi rumbun ga bai cika ba, gona ta koma hannun Dije, kai ka zan ɗan ƙodagonta. Ta ce noma, ka noma. Ta ce kwashe, ka kwashe."

Makau ya yi dariya har da buga cinya. "Inna, rumbu guda? Ki sa a gina na biyu. Dije ta ji da gayaunatta."

Gayaunar Dije wani ɗan yanki ne a kusurwar gonar, wanda Inna ta yanka mata tana shuka abin da ta ga dama. Makau yana ce masa tafin hannu. Dije ta ci gaba da tankaɗenta.

Wanda bene ya fara shafa shi ne Modibbo makiyayi. Tun zamanin uban Makau, duk rani Modibbo yakan kawo garkensa gonar Inna. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin wata biyu ko uku, su bar taki. Ba a biyan kowa komai, gaisuwa ce da ƙwaryar nono da damin gero in kaka ta yi. Da wannan takin gonar take rayuwa. Modibbo ya iso kamar yadda ya saba, sandarsa a kafaɗa, sai ya tarar da Makau ya tare hanya hannuwa a ƙugu.

"Modibbo, bana babu wuri."

"Babu wuri? Gonar ta tashi ne?"

"Bene za a yi. Ka taɓa ganin an hau da saniya bene?"

Modibbo ya dubi gona shimfiɗe kamar faifai, ya dubi sama, ya sake duban Makau. "To takin fa?"

"Kashin shanu aikin mutanen dauri na. Ni ina da takin zamani wanda ko gwamnati ba ta san shi ba."

"Madalla. Allah Ya sa matakalar ta yi ƙwari."

Ya juya zai tafi, sai Dije ta leƙo ta saman darni ta ce, "Baba Modibbo, in tahin hannu ya ishe su, ga gayaunata." Rabin garken ya kwanta a gayaunar Dije, rabi ya tsallako gonata. Ni dai faɗuwa ta zo daidai da zama, ban yi musu ba.

Da bazara Makau ya aro na'urar neman ƙarfe wurin Sharu, wani baƙo mai haƙa da ya daɗe a yankinmu. Abu ne kamar sanda mai faranti a baki, in ta ji ƙarfe a ƙasa sai ta yi kuka. Sharu ya ce zai zo ya nuna masa yadda ake riƙe ta, Makau ya ce shi ake nuna wa? Ya rataya ta, rabin gari na biye da shi. Ya sa ƙafa a gona, ya kawo farantin daidai gaban ƙafarsa, sai na'ura ta ce ƙiii.

"Allahu akbar! Tun bakin ƙohwa!"

Ya ƙara taku, ƙiii. Ya yi gabas, ƙiii. Ya yi yamma, ƙiii. Ya ruga gindin ɗorawa, ƙiii. Duk inda ya sa ƙafa sai ta yi kuka. Ya tsaya yana haki, idanu waje, ya ce, "Jama'a, gonag ga duk zinari ta! Shekara da shekaru muna kwance bisa dukiya muna shan kunu!"

Na ce, "Kawo in gwada ta gonata mu gani."

Ya rungume ta. "Ka ji hasada ko? Na'ura ta san mai ita."

Rami bakwai ya haƙa kafin ruwa ya sauka. A na farko ya sami tsohon bakin fartanyar ubansa. A na biyu ya sami turken jaki. A na uku ya sami kunama, ko kuwa in ce ita ta same shi, don kwana biyu yana yawo da hannu kamar gwanda. Sauran huɗun babu komai sai jar ƙasa da marmara. Ya ce zinari wayo gare shi, in ya ji diga sai ya matsa gefe, saboda haka zai tare shi ta ƙarƙashi. Ya shiga haƙa hanya daga wannan rami zuwa wancan a ƙarƙashin gona, yana rarrafe kamar gafiya. Wannan shi ne hawan ƙasa.

Jar ƙasar da ya fitar kuwa, tuli-tuli, ba inda zai kai ta. Sai ya bi gonar kaf, ban da gayaunar Dije, ya baje ta a kai, ya binne baƙar ƙasar da shanun Modibbo suka shekara talatin suna ginawa. Ina tsaye a kan iyaka, raina a ɓace.

"Makau, ka san mi kaka yi? Ko ƙaya ba ta tsira bisa wagga ƙasa!"

"Shi na takin da nic ce ma Modibbo. Ƙasa mai ƙwayaz zinari. Geron bana sai an sa tabarau kahin a dube shi."

Akwai kuma ranar turmi. Ya kinkimo buhun duwatsu daga rami na biyar, ya shigo gida ya ce Dije ta ba shi turmi da taɓarya ya daka ya wanke, yau za a ga zinari. Ina zaure ina jiran aron galma, na ji komai. Ban taɓa jin Dije ta ɗaga murya ba sai ran nan.

"Baban Nana, aje buhun ga waje."

"Ke, mijinki na ka magana."

"Ko limami na. Ka manta ɗiyan da dalma tak kashe Duza da Tungad Daji? Cikin gida anka daka, ƙura tas shiga tuwo. Dutsin ga ba shi shiga inda ɗiyata ka rarrahe. Ka taɓa turmin ga, sai dai a daka mu tare."

Sai ga Makau ya fito da buhunsa a ka, ya gan ni, ya gyara murya. "Dama turmin ya yi ƙanƙane. Aikin inji na." Buhun yana nan bayan gari har yau, ba wanda ya taɓa shi.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Nawa gero ya fito baƙi ƙirin don ƙoshi, na gayaunar Dije har ya fi nawa. Na Makau ya leƙo ɗaya nan ɗaya can, siriri, rawaya fatau kamar mai ciwon shawara. Mutane suka taru a kan hanya suna kallo. Wani ya ce, "Injiniya, geronka ba shi da lahiya."

"Jahilci dai. Wane launi zinari gare shi?"

"Rawaya."

"To!"

Da marka ta kankama ramuka bakwai suka cika da ruwa fal. Kowa ya ce to, yanzu dai ya ji jiki. Ina! Ya zo gindin tsamiya yana murmushi ya ce Allah Ya ƙara masa hawa: sama gero, tsakiya kifi, ƙasa zinari. Ya hau babur har Gummi ya sayo 'ya'yan tarwaɗa cikin jarka, ya ɗaure bakin jarkar tam don kada su zube. Da ya iso duk sun juya ciki sama. Ya ce barci suke, gajiyar hanya ce. Ya zuba su haka nan. Bayan sati biyu ramuka suka cika da wasu abubuwa masu wutsiya, ya yi ta kiran mutane su zo su ga yadda kifinsa ya hayayyafa. Bayan wani satin kifin ya fitar da ƙafafu. Kwaɗin nan in suka fara kuka da yamma, ko kiran salla sai ka kasa kunne. Sauro kuwa har gidana ya biyo ni. Akuyar maƙwabta ta faɗa rami na shida, aka ciro ta da ƙyar, Makau ya ce laifinta ne, ta shiga bene ba sallama.

Magana ta yi yawa a gari, har yara suna waƙa da sunansa. Sai ya yanke shawarar rufe bakin kowa a rana ɗaya. Ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, ya ɗauko makaɗin gangar noma, ya sa aka dama fura, ya gayyato Sharu ya zo da na'urarsa don a tabbatar a gaban jama'a. Inna Sahura ma ta sa aka kai mata tabarma gindin ɗorawa, ta zauna da carbinta. An kwana biyu ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, amma safiyar ta yi haske.

Matasa suka jeru da fartanyoyi, suka duba, suka rasa abin nomewa. Ciyawa ma ta ƙi fitowa. Ɗaya ya ce, "Injiniya, wanne za mu cire, wanne za mu bari?" Aka fashe da dariya.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Makau, kak ka bari mutane su hau tsakiyag ga. Ƙasa ta sha ruwa, kuma ka rarake ta."

Kamar na zuga shi. Ya taka har tsakiyar gona, daidai saman hanyar da ya haƙa, ya ɗaga hannu makaɗi ya tsaya.

"Jama'a! Jatau ya ce benena ba shi da ƙarhi! Shi da ko Gusau bai sani ba! Wagga ƙasa da kuka gani, siminti ta. Mota ta hau ba ta motsi. Ku duba!"

Ya buga ƙafar dama, dim. Ya buga ta hagu, dim. Makaɗi ya ga abin kiɗa ya samu, ya saki ganga. Makau ya ji kiɗa ya shiga rawa, yana tsalle da ƙattin takalman nan yana kirari: "Sai ni Injiniya, mai gona hawa uku! Sai ni na Sahura, mai ci sama shi ci ƙasa!"

A tsalle na huɗu ƙasa ta amsa. Wani irin gurnani muka ji, sannan ruf! Tsakiyar gona ta zurma, ruwan laka ya yi tsiri sama, kwaɗi suka watse ko'ina kamar an zubar da buhun goro. Makaɗi ya jefar da ganga ya ranta a na kare. Da laka ta lafa sai muka ga kan Makau kaɗai da hannuwa biyu, ya nutse har hammata, gindin gero ɗaya zaune a tsakar kansa da saiwarsa da komai.

Sai wani daga baya ya ce, "Injiniya, wane hawa kake yanzu?"

"Ku hid da ni! Wayyo Inna! Wani abu na tahiya cikin wandona!"

"Kihinka na, ya zo gaisuwa!"

Muka kawo igiya muka ɗaura masa, mutum takwas muka ja. Ko gezau, laka ta riƙe takalman gam. In mun matsa kusa ƙasa ta ƙara zaftarewa. Dariya ta fara komawa tsoro, don ruwa na tasowa ya kai masa wuya. Dije ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu, ta ruga bakin burtali tana kira. Allah Ya sa Modibbo na wucewa da shanunsa a ɗan siririn abin da ya rage na hanyar. Ya zo da wani farin bijimi mai tozo kamar tulu, ya tsaya bakin ramin yana kallon Makau, bai yi gaggawa ba.

"Sannu da hutawa. An ce ba a hawa da saniya bene. Ko in koma?"

"Modibbo, don Allah, don Annabi! Ku hau! Ku hau duka!"

Aka ɗaura igiya a wuyan bijimi. Modibbo ya yi masa magana da Fulatanci, bijimi ya sa ƙarfi, sai ji muka yi fwat! Makau ya fito kamar an zare rogo, ya bi laka da ciki har bakin gayaunar Dije. Takalmi ɗaya ya biyo shi, ɗayan yana hawan ƙasa har gobe.

Ko numfashi bai gama mayarwa ba ya ce, "Sharu, kunna na'ura! Yanzu da ƙasa tab buɗe, zinarin na kusa. Ku gani da idonku!"

Sharu ya kunna. Ya bi bakin rami, shiru. Ya yi gabas, shiru. Ya yi yamma, shiru. Ya zaga gindin ɗorawa har Inna ta ɗauke ƙafa, shiru. Yana dawowa farantin ya gifta kan takalmin da ke yashe a laka, sai ƙiii. Sharu ya tsaya. Ya janye, shiru. Ya mayar, ƙiii. Ya ɗauki takalmin, ya sa wuƙa ya farke bakinsa, sai ga ƙarfe kwance a ciki, fari tas, irin wanda ake sa wa don kada dutse ya fasa wa ma'aikaci yatsu.

"Da waɗannan ka yi awon gonar?" in ji Sharu.

Sharu ya ɗaga takalmin sama kowa ya gani, ya juyo wurin Makau.

"Malam, ai ƙafarka ka yi wata huɗu kana haƙa."

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Wani ya faɗi yana birgima cikin laka. Makaɗi ya dawo ya ɗauki gangarsa ya sa kiɗa. Ni kaina da nake jin haushi sai da hawaye suka zubo mini. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, Dije da ke goge wa mijinta laka a fuska da bakin zane, da Inna Sahura. Inna ta tashi da sandarta, ta tako a hankali, ta tsaya tana duban gonar ubanta, ja wur, ramuka bakwai da ƙaton kwazazzabo a tsakiya. Dariya ta mutu da kanta.

Ta ce, "Kai wanga, ubanka shekara arba'in shina ci bisa ƙasa, bai shiga ƙarƙashinta ba sai da anka ɗauke shi anka kai. Kai ka kai kanka da ƙahwakka. Jatau, kai na shaida. Sai mun jira kaka?"

Na ce, "Inna, babu abin jira."

"Dije, amshi gona."

Da kaka abin da aka samu a benen duka bai kai dami biyu ba, shi ma rabi ƙaiƙayi. Gayaunar da ake ce wa tafin hannu ita ta riƙe gidan har tsakiyar rani, sauran muka taimaka, don maƙwabci ba ya ganin hayaƙi ya ɗauke a gidan maƙwabcinsa ya yi shiru. Takalmin da ya tsira Dije ta kafa shi a kan sanda yana korar tsuntsaye, kuma yana yi da gaske.

Rani na kamawa Dije ta aika wa Modibbo goro, shanu suka dawo. Ran nan na leƙa ta kan iyaka na ga Makau ba takalmi, da shebur da kwando, yana mayar da jar ƙasa inda ya ɗebo ta. Dije na gindin ɗorawa tana yi wa Nana kitso, Inna na gefe, Modibbo ya tsuguna yana murza ƙasa a tafin hannu.

Na ce, "Injiniya, ina labarin bene?"

Ya share gumi ya ce, "Gyara mukai. Duk babban gini sai an sake mai tushe."

"Baban Nana," in ji Dije, ko kai ba ta ɗaga ba, "saura rami huɗu. In ka ƙare, kashin shanun can na jiran kwando."

Ya sunkuya ya ci gaba. Inna ta tambayi Modibbo yaushe gonar za ta koma yadda take. Ya watsar da jar ƙasar, ya kakkaɓe hannu, ya ce in shanu ba su fasa zuwa ba, kuma ruwa ya yi kirki, shekara bakwai.

Inna ta jinjina kai ta ce, "Sati ukku yay yi shina koyo, mu shekara bakwai muna gyara. Allah Shi sa in ga ta bakwai ɗin."

Makau ya ji ta sarai. Ya buɗe babban bakin nan nasa kamar zai yi magana, sai ya rufe, ya ɗauki kwando ya nufi wurin shanu.